Zango biyu ina gwada African Storybook da 'yan JSS ɗina, ga yadda muka kwashe

Ni malamar Hausa ce a wata ƙaramar sakandare a nan Zariya, daga JSS1 har JSS3 ni nake ɗauka, wani lokacin in abokiyar aikina mai Turanci ta samu uzuri nakan riƙe mata ajinta ma. Zango biyu kenan ina amfani da manhajar African Storybook, mai ɗauke da labaran yara masu hotuna, da yarana, kuma tunda malamai 'yan uwana sun yi ta tambayata wai Malama abin nan da gaske yana sa yara karatu ko dai ƙona data ne kawai, nace bari in zauna in rubuta abin da na gani da idona, mai daɗin da mara daɗin, kowa sai ya auna da nasa ajin.

Ba son zamani ne ya kai ni nemanta ba tun farko. Laburarenmu kabad ɗaya ce a ofishin malamai, rabin abin da ke ciki tsofaffin littattafan darasi ne da aka daina aiki dasu, sauran kuma ba a bari yaro ya fita dasu don kar su ɓace. Yaro zai yi shekara 3 a hannunmu bai taɓa ɗaukar littafi don ransa ya so ba, duk abin da ya karanta ni nace ya buɗe shafi kaza, ni nace ya tashi ya karanta da ƙarfi, ni kuma zan yi mishi tambaya a kai. Wannan tashi-ka-karanta ɗin kuwa wallahi azaba ce ga wasu yaran. Akwai yarinya a JSS1 ɗina, doguwa, ta fi kowa tsayi a ajin, shekarunta za su kai 14, duk ranar da na zo layinsu sai tace kanta ke ciwo ko ta nemi a barta ta zaga, na ɗauka rashin ji ne, sai da na zaunar da ita ni da ita bayan an tashi sannan na gane ashe da ƙyar take haɗa baƙi, kalma mai gaɓa uku sai ta tsaya a kanta cak kamar an taka mata birki. Haka ta gama firamare, haka aka turo mana ita, kuma irinta ba ɗaya ba ba biyu ba. Shirye-shiryen koyar da karatu da Hausa da aka yi ta yi a Arewa, irin su NEI Plus na USAID a Bauchi da Sokoto, da RANA a Katsina da Zamfara, 'yan ƙananan azuzuwan firamare suka nufa, to wanda ya riga ya wuce wannan matakin bai iya ba fa? Shi ne yake zaune gabana a JSS yana ɓoye fuska.

Ita manhajar wata ƙungiya ce ta ilimi a Afirka ta Kudu mai suna Saide ta yi ta, a Johannesburg suke, sun buɗe shafinsu a 2014, manufarsu yaran Afirka su samu labarai masu hotuna da harsunansu na gida. Akwai harsuna sama da 200 a ciki, Hausa na nan, ga Turanci da Faransanci. Kyauta ce, babu biyan kuɗin wata, babu talla da zai faɗo wa yaro a fuska yana cikin karatu, wannan kaɗai ya sa na saki jiki da ita don kowa ya san irin tallace-tallacen da ke faɗowa a waya yanzu, ba abin da za ka so ɗan shekara 12 ya gani bane. Manhajoji biyu ne dasu a Play Store, ɗaya ta karatu ana ce mata African Storybook Reader, ɗaya ta ƙirƙirar labari ana ce mata African Storybook Maker, sai shafin intanet ɗinsu inda ake sauke labari a PDF. Kana shiga ta karatun za ka zaɓi harshe, ka zaɓi labari ka sauke, shi kenan ya zauna a wayar ko babu data zai buɗe.

Waya shida na fara dasu. Tsohuwar tawa, tsohuwar maigidana, biyu iyaye suka bayar da na yi bayani a taron iyaye da malamai, biyu kuma na siyo na hannu a kasuwa da kuɗina, ɗaya daga cikinsu ko wata biyu bata yi ba batir ɗin ya kumbura har ya ɗaga murfin, na koma wajen mai shagon yace ai shi ba ya karɓar kaya bayan sati guda, don haka duk mai niyyar siyan na hannu dan Allah ya je da wanda ya san waya. Na cire sim a dukkansu, na goge duk wani wasa da duk wani bidiyo, na bar manhajar da abin buɗe PDF kawai. A gida nake sauke labaran da daddare, tun da aka ƙara kuɗin data a farkon 2025 na koma sauke PDF a waya ɗaya in tura wa sauran ta Xender, ya fi mun sauƙi a aljihu. Sai da na fara samun izinin shugaban makaranta tunda an hana yara zuwa da waya, ya amince bisa sharaɗin wayoyin su riƙa kwana a ofishinsa kuma in ƙirga su gabansa in zan mayar.

Talata da Alhamis muna da darasi biyu a jere, sai na yanki minti 20 na ƙarshe na mai dashi lokacin karatun shiru. Doka uku na kafa musu, kowa shi zai zaɓi abin da zai karanta, babu wanda zan tasa ya karanta da ƙarfi, kuma babu maki babu tambaya. Ni ma nakan ɗauki nawa littafin in zauna a bencin baya in karanta, bana duba takardun gwaji bana danna wayata, don yaro yana kallon abin da kake yi fiye da abin da kake faɗa. Satin farko basu yarda ba, suna ta leƙena suna jiran in ce to ku rufe ku fito da takarda, har wani ya ɗaga hannu yace Malama zai fito a jarrabawa? Nace a'a. Yace to me ya sa muke karantawa? Wannan tambayar ta tsaya mun a rai har na koma gida, domin mu muka koya musu haka, mu muka nuna musu cewa ba a buɗe littafi sai don jarrabawa.

Labaran an kasa su mataki 5, na farko kalmomi ne ƙalilan a kowane shafi, na biyu gajerun jimloli, na uku an fara ɗan sakin layi, na huɗu sakin layi masu tsawo, na biyar kuma irin wanda babba zai karanta wa yara ne don ya fi yawan rubutu. A nan ne na ga babban amfanin wayar wanda ban taɓa kawo shi a raina ba. In ka miƙa wa yarinya 'yar shekara 14 littafin takarda na 'yan aji 1 mai manyan baƙaƙe, duk ajin sun ga bangon, kafin a tashi an laƙaba mata suna. Amma waya duk bayanta iri ɗaya ne, babu wanda ya san ko mataki na ɗaya kake ko na biyar sai dai in ya leƙo. Doguwar yarinyar nan tawa, ranar da waya ta zo hannunta ta ja jiki ta koma lungu jikin taga, ta kare fuskar wayar da gefen hijabinta, ina hango leɓenta yana motsi a hankali, yatsarta na bin kalma ɗaya ɗaya, in ta kai ƙarshe sai ta koma farko. Ban je kusa da ita ba, ban ce mata komai ba, kusan sati biyar a haka. Wata Alhamis ana mayar da wayoyi ta tsaya har kowa ya fita sannan tace, Malama na gama waɗancan, akwai wanda ya ɗan fi su tsawo? Na nuna mata inda za ta danna ta ga na mataki na uku, muryata ma sai da na daidaita ta kafin in yi magana. Yanzu haka ba zan ce ta zama gwana ba, har yanzu tana tuntuɓe da dogayen kalmomi, amma ciwon kan nan na ranar karatu ya tafi, kuma a zangon da ya wuce da kanta ta ɗaga hannu sau biyu.

Sai dai rabon waya shida ga yara sama da 60 ba ƙaramin aiki bane. Da farko na haɗa su uku uku huɗu huɗu a kan waya ɗaya, kuskure ne, mai sauri shi ke riƙe wayar ya shafa shafi ya wuce tun kafin mai rauni ya gama layin farko, shi kuma kunya ba za ta barshi yace a dakata ba sai ya koma kallon hoto kawai, kenan wanda na fi so ya amfana shi aka bari a baya. Sai na canza, waya mutum ɗaya, ana zagayawa da jerin suna, kuma ina sane nake sa masu raunin su fi samunta ba tare da na faɗa ba. Sauran kuma takarda suke karantawa, domin a shafin nasu kowane labari ana iya sauke shi a tsarin bugawa, in ka buga gaba da baya ka ninke tsakiya ka ɗinke da abin maƙale takarda sai ya fito ɗan littafi sosai. Na kai shagon fotokwafi na buga baƙi da fari, hotunan sun rage kyau ba kamar a waya ba amma ana gane komai, na sa musu bango da kwalin da 'yan JSS3 suka yanka, muka zuba a kwalin indomi muka rubuta LABURAREN AJINMU a jiki. Waɗannan su ake ara a je gida dasu. Tsakani da Allah in aka ce in zaɓi ɗaya, tsakanin manhajar a waya da wannan damar bugawa kyauta, sai na yi dogon tunani, domin takarda bata buƙatar caji, mu kuwa akwai satin da muka kwana uku babu wuta na riƙa ɗaukar wayoyin a jaka ina kaiwa wajen mai caji.

'Yan JSS3 kam basu ɓoye mun ba. Sati na biyu wani yaro mai ƙoƙari sosai ya ajiye wayar a tebur yace Malama wannan ai na ƙannena ne, minti uku na gama. Gaskiyarsa ce, kuma ba laifin masu manhajar bane don su tun farko ƙananan yara masu fara karatu suka nufa, basu taɓa cewa ta 'yan sakandare bace, ni ce na jawo ta nan saboda halin da yarana ke ciki. Yaron da ya iya karatu sosai, mai shekara 14 ko 15, yana son labari mai babi babi wanda zai kwana yana tunanin me zai faru gobe, wannan ba zai same shi a nan ba, ko mataki na biyar ɗin a zama ɗaya ake gamawa. Duk malamin da zai ɗauke ta ya san da wannan tun wuri kar ya zo yana cizon yatsa.

Abin da ya cece ni dasu shi ne fassara. Labaran an sake su ne da lasisin Creative Commons, ma'ana an yarda ka kwafa, ka buga, ka fassara, ka ma canza labarin, in dai ka bar sunan wanda ya rubuta da wanda ya zana. Sai na raba 'yan JSS3 rukuni rukuni, kowane rukuni ya nemo labari na Turanci da ya burge shi, su mai dashi Hausa don 'yan JSS1 su karanta. Nan take abin ya juya, wanda yace na ƙannensa ne shi ya zama shugaban rukuni, don yanzu ba shi aka raina da labarin yara ba, shi ne babba mai yi wa yara aiki. Kuma kafin su zaɓi ɗaya sai sun karanta bakwai ko takwas suna gardama, wanda suka zaɓa ɗin kuma sai sun maimaita shi ya fi sau biyar, ga karatu nan ya shiga ta bayan gida ba tare da na ce kowa ya karanta ba. Wata rana rukuni ɗaya suka kusa dambe kan kalmar ugali, a wani labari daga gabashin Afirka, rabi suka ce a sa tuwon masara tunda da garin masara ake yi kuma haka ake tuƙa shi, rabi suka ce a'a in ka sa tuwo ka mai da yaron Bahaushe alhali ɗan Kenya ne, a bar ugali yara su san akwai wani abinci a duniya. Suka zo wajena in raba gardama naƙi, nace ku masu fassara ne ku yanke. Ƙarshe suka rubuta ugali, wato tuwonsu na masara. Shekara nawa ina koyar da darasin fassara a allo, fassarar kai tsaye da fassara mai 'yanci, ban taɓa ganin sun gane ta kamar wannan ranar ba.

Da suka zo bugawa a waya kuma sai matsalar ƙugiya ta taso, suka rubuto mun daki a maimakon ɗaki, kofa a maimakon ƙofa, baki a inda suke nufin baƙi. Na sa musu Gboard, wato allon rubutun waya na Google, na ƙara Hausa a cikin harsunansa, ƙ da ɗ da ɓ duk suna nan. Na rubuta musu a allo, ya kasa zuwa, ya zauna a ƙasa, nace ku cire ƙugiyar ku ga ko ɗan JSS1 ba zai rikice ba. Tun daga nan suka zama 'yan sandan ƙugiya, har labaran da na buga musu suke bi da jan biro, in sun ga kalma an haɗe ta inda ya kamata a raba sai su zo da gudu, Malama kin ga nan. Wannan ya tuna mun in ja hankalin 'yan uwana, a shafin intanet ɗin duk wanda ya yi rajista zai iya sa labari ko fassara, akwai waɗanda su masu shafin suka duba suka sa musu alamar amincewa akwai waɗanda jama'a suka sa kawai, don haka ni dai duk labarin da zai shiga hannun yarana sai na fara karanta shi, in duba rubutun in kuma duba ko ya dace da tarbiyyarmu, aikin minti biyu ne.

Wani abin da ya ba su sha'awa, sun ci karo da labaran da aka rubuta da Hausar Nijar, suka ga ƴ mai ƙugiya a inda mu muke rubuta 'y, wata tace Malama an yi kuskure. Nace ba kuskure bane, haka ƙa'idar rubutunsu take a can, mu 'ya'ya su ƴaƴa, harshe ɗaya ne iyaka ce ta raba mu, wani yaro da kakanninsa ke Maraɗi ranar sai da kowa ya san shi.

Manhajar Maker ɗin a zango na biyu muka taɓa ta. Tana aiki babu data, yaro zai rubuta shafi ya ɗauki hoto da wayar ya sa, ko ya zana a takarda a ɗauki hoton zanen. Sun yi labarin tashe, sun yi na wata tsohuwa mai ƙosai, wasu 'yan mata suka yi na ranar da akuyarsu ta shiga masallaci ana tsakiyar sallah, wannan har yau shi aka fi ara a kwalin. Na hana sa hoton fuskar kowa, zane kawai ko hoton kaya, kuma ban ɗora ko ɗaya a intanet ba tukunna sai na samu yardar iyaye a rubuce. A ƙaramar waya bugawa tana cin lokaci, gara su gama rubutawa da gyarawa a littafinsu sannan mutum ɗaya ya buga.

Maganar iyaye kuwa, ba kowa ne ya yi na'am ba. Wani dattijo ya zo har ofis ransa a ɓace, bayan mun gaisa yace Malama mu mun hana ta waya a gida ku kuma kuna miƙa mata a makaranta, ina amfanin haka? Nace Baba kana da gaskiya, ni ma uwa ce, bari ka gani da idonka. Na ɗauko wayar na buɗe inda sim yake ya ga wayam, na nuna mishi babu WhatsApp babu TikTok babu komai sai labarai, na buɗe ɗaya na miƙa mishi, ya sa tabarau ya karanta har ƙarshe bai ce komai ba, sannan yace to in dai iyakarta kenan Allah ya taimaka, amma in an bata na takarda ta zo dashi gida ya fi so. Kuma ban ga laifinsa ba ko kaɗan, domin ni na san me ke faruwa, 'yan matan JSS3 ɗina da yawa suna karatu sosai a gida, littattafan soyayya na intanet da ake turawa shafi shafi a WhatsApp suke bi a wayoyin iyayensu da na yayyensu, wasu masu kyau wasu kuwa ko babba sai ya kau da kai. Duk mai cewa yaran yanzu basa son karatu bai zauna dasu ba, son labari yana nan daram, abin da muka aje musu a gaba ne babu.

Na leƙa wasu manhajojin ma don in cike giɓin manyan. StoryWeaver ta Pratham Books ta ƙasar Indiya, tun 2015 take, ita ma kyauta ce kuma ana fassara a ciki, tana da labaran kimiyya da lissafi masu kyau da maza suka fi so, da Turanci na fi amfani da ita, sai dai sunaye da abinci da sutura yawanci na can ne. Bloom Reader ta ƙungiyar SIL mai aiki kan harsuna ita ma akwai littattafan Hausa a laburarenta, har da waɗanda marubutan gida suka yi a wani shiri da Jami'ar Amurka ta Najeriya da ke Yola ta gudanar, amma su ma na masu fara karatu ne. In makarantarku na da ɗakin kwamfuta ku nemi Kolibri, ana sa ta a kwamfuta ɗaya sauran na'urori su ja daga gare ta babu intanet, kuma akwai labaran African Storybook a ciki, mu dai bamu da ɗakin shi ya sa ban gwada a aji ba. A cikinsu duka African Storybook na riƙe, saboda in yarana sun buɗe suna ganin baƙar fata irin tasu, rijiya, kasuwa, kaka, awaki, tsakar gida, ba sai na tsaya bayanin menene dusar ƙanƙara ba.

Abu ɗaya da ba za ta yi maka ba, ba za ta koya wa yaro baƙaƙe da wasula ba. Ina da yara huɗu da ko ba be bi bo bu basu riƙe ba, waɗannan in ka ba su waya hoto za su kalla su ƙirƙiri labarinsu a ka, sai da na ware musu lokacin tara muna bin gaɓoɓi da alli kamar 'yan aji 1 kafin mataki na farko ya yi musu amfani. Sannan akwai matsin jadawalin aiki, zangon da BECE, jarrabawar kammala JSS3, ta matso sai da aka kira ni ofis aka ce minti 40 a sati ina kashewa a abin da baya cikin tsarin darasi, na rage wa 'yan JSS3 zuwa rana ɗaya amma ban yarda an taɓa na JSS1 ba, nace yaron da bai iya karanta tambaya ba ko an gama mishi jadawalin kaf me zai rubuta a takardar?

Nawa ra'ayin, in JSS1 kake ɗauka ko ƙarshen firamare kuma ka san akwai masu ɓoye rashin iya karatu a ajinka, ka sauke ta yau, ko waya ɗaya gare ka, ka buga guda 20 a takarda ka fara. In JSS2 ne rabi da rabi, masu rauni su karanta masu ƙarfi su fassara. In JSS3 ne kar ka ba su ita a matsayin abin karantawa kawai za su raina ta, ka ba su a matsayin aiki na hannunsu. Akwai littafi mai shafi 40 da na rataye da zare jikin kwalin, duk wanda ya gama labari in ya ga dama ya rubuta sunan labarin da layi ɗaya ko ya yi daɗi ko bai yi ba, bana sa jan biro a ciki, yanzu muna kan na uku, kuma na lura kafin yaro ya zaɓi labari sai ya fara buɗe shi ya ga me abokansa suka ce.

Abin da nake nema yanzu ido rufe shi ne littattafan Hausa masu babi, masu tsafta, na 'yan shekara 12 zuwa 15, waɗanda marubucinsu ya yarda a sa a waya ko a buga wa ɗalibai, don bana son in koya musu karatu da littafin da aka sato aka yi PDF ɗinsa babu izini. Zango mai zuwa in sha Allah 'yan JSS2 za su gwada rubuta labari ɗaya mai babi 6, kowane rukuni babi ɗaya, a riƙa sakin babi duk Alhamis a kwalin, sun riga sun fara rigima kan ko jarumar za ta zama 'yar Tudun Wada ko 'yar cikin birni. Waya kuma biyar suka rage mana, ina tara kuɗin batir ɗin ta shidan.